DAGA ƊINKI ZUWA RAGAYA: TARIHIN FIƊAR ƊIGON FITSARI GA MATA

Gabatarwa

Hausawa na cewa ciwon 'ya mace na 'ya mace ne. To, amma akwai wani ciwo wanda ko 'yar'uwarta mace ba kasafai mai shi takan iya buɗe baki ta faɗa wa ba, balle miji, balle kuma likita namiji. Ciwon kuwa shi ne kuɓucewar fitsari ba da nufi ba a duk sa'ad da mace ta yi tari, ko atishawa, ko ta ƙyalƙyale da dariya, ko ta sunkuya ta ɗauki tulu, ko ta ɗaga taɓarya. Ba ya kisa, ba ya kuma kwantarwa, shi ya sa ake raina shi. Amma yana hana mace sakewa a gidan biki, yana sa ta rage shan ruwa ko da ana tsananin bazara, yana kuma jefa ta cikin waswasi game da alwalarta da tufafin sallarta.

Abin da wannan 'yar maƙala ta sa gaba shi ne bin sawun irin faɗi-tashin da likitocin fiɗa suka yi wajen neman maganin wannan ciwo, tun daga farkon ƙarni na 20. Galibin labarin a Turai da Amurka ya faru, kuma a can za mu bar shi, sai dai a ƙarshe za mu ga inda ya ratso ta ƙasar Hausa.

Wane Irin Ciwo Ne?

Kafin mu yi nisa, ya kamata mu warware zare da abawa. A bakin jama'armu da zarar an ce mace ba ta iya riƙe fitsari, sai tunani ya tafi ga yoyon fitsari. Wannan kuwa wani ciwo ne daban. Shi yoyon fitsari huda ce take samuwa tsakanin mafitsara da farji, galibi saboda doguwar naƙuda, sai fitsari ya riƙa zuba dare da rana babu tsayawa. Akwai kuma wani nau'i da za mu iya kira fitsarin gaggawa, inda mafitsara ce kanta take tsukewa ba da izini ba, mace ta ji matsuwa farat ɗaya ta kasa kaiwa makewayi. Wannan da magani da horar da mafitsara ake fara yi masa, ba da wuƙa ba. Na uku shi ne namu, wanda a wannan maƙala za mu riƙa kira ɗigon yunƙuri, domin ba ya zuwa sai an yi wani yunƙuri da ya matse ciki.

Ga yadda abin yake. Mafitsara kamar salka take, tana da wuya, daga wuyan kuma wani ɗan gajeren bututu ya fito waje, wanda ga mace tsawonsa bai wuce santimita 4 ba. Bututun nan yana kwance ne a kan bangon farji na gaba, akwai tsoka da ke tsuke shi, akwai kuma tsoka da jijiyoyin ƙasan ƙugu da ke tallafe da shi. Idan mutum ya yi tari, ciki yakan danno mafitsara da ƙarfi. Muddin matallafin yana da ƙwari, bututun sai ya matse ya rufe. In kuwa ya saki, ko tsokar da ke tsukewa ta yi rauni, sai fitsari ya fi ƙarfin ƙofa. Abubuwan da ke kawo sakin sun haɗa da yawan haihuwa, da wahalar naƙuda, da ƙiba, da tsufa, da tsohon tari, da taurin bayan gida.

Malaman fiƙihu ba su jahilci wannan larura ba. Duk wanda ya yi karatun Risala ta Ibn Abi Zaid a zaure ya ji sunan salasul bauli, ya kuma ji cewa an so mai shi ya riƙa sabunta alwala a kowace salla. Watau dai shari'a ta riga likitoci tausaya wa mai wannan ciwo da ƙarnuka masu yawa.

Ɗinkin Kelly

Fiɗar mafitsarar mata ta fara ne daga yoyon fitsari, kuma mafarin nata ba abin alfahari ba ne. Tsakanin 1845 da 1849, wani likita mai suna James Marion Sims, a garin Montgomery na Jihar Alabama ta Amurka, ya yi ta gwajin ɗinke huda a jikin kuyangi baƙar fata, ba tare da maganin kashe zafi ba. Tarihi ya riƙe sunayen uku daga cikinsu: Anarcha da Betsey da Lucy. Ita Anarcha kusan sau 30 aka yi mata aiki kafin a dace da zaren azurfa. A 2018 hukumomin birnin Niyok suka cire gunkin Sims daga inda ya daɗe a tsaye a gefen babban lambun shaƙatawa na birnin. Na kawo wannan ne don mai karatu ya riƙe a ransa cewa tun daga tushe, a wannan fanni, jikin mata ne ya fara biyan kuɗin koyo.

Bayan an iya ɗinke huda, sai hankali ya koma ga matan da ke ɗiga alhali babu wata huda a jikinsu. Howard Kelly, ɗaya daga cikin manyan likitoci huɗu da suka kafa asibitin Johns Hopkins a Baltimo, shi ne ya fito da aikin da ya fara karɓuwa, a 1913. A ganinsa wuyan mafitsara ne ya buɗe, don haka sai a tsuke shi. Ta farji yake shiga, ya tsaga bangon gaba, ya tattaro naman da ke gefe da gefen wuyan ya ɗinke su a tsakiya, kamar yadda tela yake cin bakin wandon da ya yi wa mutum yawa. A 1914 shi da abokin aikinsa Dumm suka ba da rahoton mata 20, inda 16 suka sami sauƙi.

Aikin Kelly yana da sauƙi, ba a buɗe ciki, kuma akan haɗa shi da gyaran bangon farji idan ya zazzago. Saboda haka ya yi shekaru fiye da hamsin yana cin kasuwarsa. Illarsa ɗaya ce, amma babba: naman da ya riga ya saki shi ake ɗinkewa, in an jima sai ya sake saki. Sai a 1995 aka sami hujja bayyananna, sa'ad da Bergman da Elia suka bi sawun matan da aka yi wa ayyuka iri uku har shekara biyar. Cikin waɗanda aka yi wa irin aikin Kelly, kashi 37 cikin ɗari ne kaɗai ba su koma ɗiga ba. Abin mamaki shi ne yadda aka yi shekaru 80 ana aikin kafin a yi masa irin wannan awo.

Ragaya ta Farko

A daidai lokacin da Kelly ke ɗinki a Amurka, likitocin Turai sun ɗauki wata hanya. Su cewa suka yi, tun da matallafi ne ya lalace, a kawo sabo. Duk wanda ya taɓa shiga ɗakin tsohuwa a ƙauye ya san ragaya, igiyar nan da ake ratayewa a rufin ɗaki a ɗora ƙwaryar nono. To, dabarar ke nan: a zagayo da wani abu ta ƙarƙashin bututun fitsari, a rataye bakinsa biyu a sama. A 1907 Giordano, mutumin Italiya, ya yi amfani da wata siririyar tsoka ta cikin cinya. A 1910 Goebell, Bajamushe, ya yi da wata ƙaramar tsoka ta mara, sa'an nan Frangenheim a 1914 da Stoeckel a 1917 suka yi wa aikin kwaskwarima. Fatansu shi ne tsokar da aka dasa ta riƙa tsukewa kamar ta asali. Hakan bai samu ba, domin tsoka in aka raba ta da jijiyoyinta sai ta zama igiya kurum.

Wanda ya gane cewa igiyar ma ta wadatar shi ne Albert Aldridge na Niyok, a 1942. Maimakon tsoka, sai ya yanko zirin farin tantanin nan mai tauri da ke lulluɓe da tsokar ciki, ɗaya ta dama ɗaya ta hagu, ya zuro su ƙasa ya haɗe su a ƙarƙashin bututu. Aikin yana tsayar da ɗigo sosai, har ma yakan wuce gona da iri. In aka ɗaure ragaya ta yi tsauri, mace sai ta kasa fitsarin gaba ɗaya, sai da robar fitsari. Ga shi kuma zamanin maganin kashe ƙwayoyin cuta bai wadata ba, rauni yakan yi ruwa. Don haka aka ajiye ragaya a gefe, ba a ɗauko ta sai ga matar da sauran ayyuka suka gagara.

A nan ya kamata mu ɗan ratse mu ambaci wani wanda ya ce a dakata da wuƙa. A 1948 Arnold Kegel na Los Anjalis ya nuna cewa tsokar ƙasan ƙugu tsoka ce kamar kowace, in ana motsa ta tana ƙarfi. Ya koya wa mata tsukewa da saki, kamar mai riƙe fitsari, sau da yawa a yini. Har sunansa ya bi wannan motsa jiki. Ƙa'idar da hukumar tsara hanyoyin jiyya ta Ingila ta fitar a 2019 ta ce kafin a yi maganar fiɗa, a fara sa mace wannan horo na aƙalla wata 3 a ƙarƙashin kulawar gwani.

Ratayewa ta Ciki

Shekara guda bayan Kegel, watau 1949, likitoci uku a Niyok, Marshall da Marchetti da Krantz, suka zo da sabon salo. Su ta sama suke shiga, su tsaga mara, su bi ta bayan ƙashin gaba, su ɗinke naman da ke gefen bututu a jikin fatar ƙashin. Da haka wuyan mafitsara yake ɗaguwa ya koma mazauninsa. Sakamakon ya fi na Kelly nesa ba kusa ba. Sai dai fatar ƙashi ba ta riƙe zare da kyau, kuma wasu mata kan kamu da kumburin ƙashin, ciwo mai raɗaɗi wanda kan hana tafiya har watanni.

Wannan matsala ta zare ce ta haifi aikin da ya fi kowane daɗewa a kan karaga. John Burch, likita a garin Nashville, yana cikin yin irin wancan aiki zare ya yi ta tsinke masa daga jikin ƙashi, sai ya nemi wani wurin maƙalawa. Daga bisani ya tsaya a kan wata jijiya mai ƙwari da ke kwance a gefen ƙashin, wadda ake kira jijiyar Cooper. A 1961 ya buga bayaninsa. Bangon farji na dama da na hagu ake ɗagawa da zare biyu ko uku a kowane gefe, a rataye a jijiyar, sai wuyan mafitsara ya zauna a kai kamar yaro a majanyi. A 1976 Tanagho ya ƙara gyara, ya ce kada a ja zaren har nama ya manne da jijiya, a bar ɗan rata. Idan aka tattara gwaje-gwajen da aka yi, mata 85 zuwa 90 cikin ɗari kan warke a shekarar farko, kuma bayan shekara biyar kimanin 70 suna nan a bushe. A gwajin nan na Bergman da Elia, aikin Burch ya sami kashi 82.

Amma fa ba banza ba. Buɗe ciki ne, da kwanaki a gadon asibiti da makonni ana jiyya a gida. Ɗaga bangon gaba kuma kan buɗe hanya ga bangon baya ya zazzago daga baya, abin da Burch da kansa ya lura da shi. Neman sauƙi ya sa Pereyra a 1959 ya ƙirƙiro wata doguwar allura, mai kama da basilla, wadda ake zurawa daga mara zuwa farji a jawo zare ba tare da an buɗe ciki ba. Stamey a 1973 da Raz a 1981 suka bi sahunsa. An yi yayin wannan aiki ƙwarai a shekarun 1980, amma zaren kan yanke naman a hankali, kamar yadda zare ke yanka sabulu. Kashi 43 ya samu a shekara biyar, aka yi watsi da shi. A 1991 kuma aka fara yin aikin Burch ta ƙananan huji da madubin leƙa ciki.

Ita ma ragaya ba ta mutu ba. A 1978 McGuire da Lytton suka farfaɗo da ita, suka nuna cewa ita ce ta fi dacewa da matar da tsokar bututunta ce ta mutu, ba matallafi kaɗai ba. A 2007 aka buga wani babban gwaji na Amurka a kan mata 655. Bayan shekara biyu, ragayar tantanin ciki ta tsayar da ɗigon yunƙuri ga kashi 66, aikin Burch kuwa kashi 49. Sai dai masu ragaya sun fi fama da ciwon mafitsara da wahalar fitar fitsari.

Zuwan Ragar Roba

Duk waɗannan ayyuka a kan wuyan mafitsara suka mai da hankali. A 1990 wasu likitoci biyu, Peter Petros na Ostareliya da Ulf Ulmsten na Jami'ar Uppsala a Suwidin, suka ce an yi shekaru ana bugun jaki an bar taiki. A cewarsu, inda rufewa take faruwa shi ne tsakiyar bututu, ba wuyansa ba. A 1994 John DeLancey na Jami'ar Mishigan ya ƙarfafa irin wannan tunani da wani misali mai sauƙin ganewa: in ka taka tiyon ruwa a kan daɓe, ruwa zai tsaya, in kuwa a kan taɓo ka taka shi, sai ya nutse ruwa ya ci gaba da gudu. Ashe ba ɗagawa bututu yake bukata ba, daɓe yake bukata a ƙarƙashinsa.

A kan wannan fahimta Ulmsten ya gina aikinsa, wanda ya bayyana a 1996. Wani ziri ne na ragar roba, irin robar da ake kira folifurofilin, faɗinsa kimanin santimita 1. Akan yi 'yar tsaga a farji a ƙarƙashin tsakiyar bututu, a zura bakin zirin biyu da allura ta bayan ƙashin gaba su ɓullo a mara, a yanke. Ba a ɗaurewa, ba a ja, a sake ake barinsa, nama ne zai tsiro ta cikin idanun ragar ya riƙe ta. Aikin minti 30 ne ko ƙasa da haka, ana iya yinsa da allurar kashe wuri kawai, har a ce wa mace ta yi tari don a gwada, kuma ta kwana a gida ran nan ko kashegari. Kamfanin Ethicon, reshen Johnson & Johnson, ya saye fasahar ya sa mata suna TVT.

Wanda duk ya kwatanta wannan da tsagar Burch zai fahimci dalilin da ya sa likitoci da mata suka yi rububinsa. Kuma gaskiya aikin yana yi. A 2002 Ward da Hilton suka gwada shi da aikin Burch a kan mata 344 a Birtaniya da Ailan, suka tarar waraka kusan ɗaya ce, amma masu TVT sun fi saurin komawa harkokinsu, ko da yake allura ta fi yawan huda musu mafitsara. Don kauce wa wannan huda, Delorme na Faransa a 2001 da de Leval na Beljiyam a 2003 suka canja hanya, suka riƙa fitar da zirin ta matsematsi. Gwajin Amurka na 2010 a kan mata 597 ya nuna hanyoyin biyu sun yi kunnen doki, kimanin kashi 81 da kashi 78, sai dai ta matsematsi ta fi barin ciwo da sanyin ƙafa. A 2013 kuma Nilsson da abokansa suka ba da labarin matan farko da aka yi wa TVT, bayan shekara 17, kimanin 90 cikin ɗari na waɗanda aka gwada ba sa ɗiga.

Gyaran Gangar Auzinawa

To, ina gizo yake saƙa? A wurare biyu. Na farko shi ne yadda kayan suka shiga kasuwa. A dokar Amurka, sabon kayan aikin likita irin wannan ba lalle ne a gwada shi a jikin mutane ba, muddin kamfani ya nuna ya yi kama da wani da ke kasuwa. A 1996 aka ba wata ragaya mai suna ProteGen, ta kamfanin Boston Scientific, izini ta wannan ƙofa. Ta yi ta cin naman mata har kamfanin ya janye ta a 1999. Amma kafin nan wasu sun riga sun sami izini da hujjar sun yi kama da ita, ciki har da TVT a 1998, wasu kuma suka zo suka ce sun yi kama da TVT. Haka aka yi ta jingina bango a kan bango. A 2018 kuma mujallar likitocin Birtaniya, BMJ, ta tono cewa yarjejeniyar 1997 tsakanin kamfanin da ɓangaren Ulmsten ta rataya biyan wasu kuɗi a kan gwaji na biyu ya ba da sakamako irin na farko. Gwaje-gwajen da wasu suka yi daga baya sun tabbatar aikin yana da amfani, amma a ganina wannan bai wanke irin waccan yarjejeniya ba.

Na biyu shi ne zarmewa. Ganin ɗan ziri ya yi nasara, sai kamfanoni suka shiga ƙera manyan faifan raga don gyaran zazzagowar mahaifa da bangon farji. A nan ne ɓarna ta fi yawa. Raga takan huda nama ta ɓullo cikin farji ko mafitsara, takan tsuke ta ja jijiyoyi, ta bar mace da ciwon da ba ya jin magani, wata ta kasa zama, wata ta kasa kwanciyar aure, wata sai da sanda. Cire ta kuma jidali ne, domin an yi ta ne don ta manne har abada, kamar a ce a zare waya daga cikin kankare. Su ma masu ɗan zirin ɗigon fitsari ba duka suka tsira ba. Wani bincike na 2018 a kan mata 95,057 a Ingila ya nuna cewa cikin shekara 9 an cire wa kashi 3.3 nasu. Adadin kamar kaɗan ne, amma a lissafa shi a kan miliyoyin da aka sa wa a duniya, a kuma tuna cewa bai ƙirga wadda take fama da ciwo ba a cire mata ba.

Hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta yi gargaɗi a 2008, ta ƙara da kakkausar murya a 2011, sa'an nan a Afrilun 2019 ta hana sayar da ragar da ake sawa ta farji don gyaran zazzagowa. Ya kamata a lura, wannan hani bai haɗa da zirin ɗigon fitsari ba. Ƙararrakin da aka shigar a kotunan ƙasar sun haura 100,000. A Birtaniya kuwa mata ne da kansu suka tayar da ƙura. A 2014 ministan lafiya na Sikotilan ya nemi a dakatar da aikin, a 2015 wata 'yar jarida, Kath Sansom, wadda ita ma abin ya shafa, ta kafa ƙungiyar fafutuka da ta tara mata dubbai, a Yulin 2018 kuma Ingila ta dakatar da sa raga don ɗigon fitsari. Gwamnatin Ostareliya ta nemi gafarar matan ƙasarta a 2018, Niyu Zilan ma ta dakatar a 2023.

Rahoton da kwamitin Baroness Cumberlege ya fitar a Yulin 2020 shi ne ya fi taɓa zuciya. Abin da ya fi nanatawa ba robar ba ce, rashin sauraro ne. Mata sun yi shekaru suna kai kuka, ana ce musu tsufa ne, ko ɗaukewar al'ada, ko kuma a ransu abin yake. Da yawa ba a taɓa gaya musu haɗarin ba kafin aiki, kuma babu wani kundi da aka riƙa rubuta wa aka sa wa me. Mace ta daure ta ci kunya ta faɗi ciwon da ake ɓoyewa, a yi mata aiki, ta dawo da wanda ya fi shi, sa'an nan a ce mata ba komai: wannan shi ne garin neman gira a rasa ido.

Da aka dakatar da raga a Ingila, sai aka koma ga aikin Burch da ragayar tantanin ciki, har ta kai ana sake koya wa matasan likitoci ayyukan da malamansu suka kusa mantawa. Lalle da tsohuwar zuma ake magani. Wata tsohuwar dabara ma ta farfaɗo, watau yi wa bangon bututu allurar wani abu da zai cika shi ya ƙuntata. An gwada kakin farafin tun wajen 1900, aka gwada Teflon a shekarun 1970, aka gwada wani sinadari daga fatar shanu daga 1993 zuwa 2011. Na baya-bayan nan shi ne wani ruwa mai kauri, Bulkamid, wanda Amurka ta amince da shi a 2020. Allurar ba ta kai fiɗa ƙarfi ba, kuma sau da yawa sai an maimaita, amma haɗarinta kaɗan ne.

Inda Labarin Ya Ratso Ƙasar Hausa

A wajenmu yoyon fitsari ne ya cika ido, kuma da dalili. Binciken da Tahzib ya buga a 1983 ya ƙunshi mata 1,443 da aka gani a asibitin koyarwa na Zariya tsakanin 1969 da 1980, mafi yawansu doguwar naƙuda ce ta jawo musu, kashi 13 kuma yankan gishiri. A 1983 ɗin ne wani likita ɗan ƙasar Holan, Kees Waaldijk, ya zo asibitin kutare na Babbar Ruga a Katsina, daga baya ya juya ga ɗinkin yoyon fitsari, ya yi wa mata dubbai aiki a can da sashen Laure na asibitin Murtala a Kano, ya kuma horar da likitoci masu yawa.

Inda ciwon biyu suka haɗu shi ne bayan ɗinki. Naƙudar da ta huda mafitsara sau da yawa takan cinye wani ɓangare na bututu da tsokar da ke rufe shi. Likita zai ɗinke huda, a zuba ruwa mai launi a gwada a ga ba ya fita, a rubuta an yi nasara. Amma da mace ta miƙe tsaye sai fitsari ya biyo ta hanyarsa ta asali, domin ƙofar ba ta da sakata. A rahotannin wasu asibitoci abin yakan kai mace ɗaya cikin uku. Ga littafin asibiti ta warke, ga mijinta da kishiyoyinta kuwa tana nan yadda take. Wannan ya sa Waaldijk, a rabe-raben da ya yi wa yoyon fitsari, ya ɗauki tambaya guda ta zama ginshiƙi: shin hudar ta taɓa wurin rufewa ko ba ta taɓa ba? Shi ya sa kuma likitocin wannan fanni suka koma rarrabe huda ta rufu da mace ta bushe.

Gyaran irin wannan ɗigo ya fi na Turai wuya, domin naman ya zama tabo, ya yi tauri, jini ba ya gudana a cikinsa sosai. A Habasha, inda Reginald da Catherine Hamlin suka buɗe asibitin yoyon fitsari na Addis Ababa a 1974, Andrew Browning ya bayyana a 2004 wata ragaya da ake yi da tsokar gefen farji ta ita matar, a daidai lokacin da ake ɗinke hudar. Ragar roba kuwa an gwada ta a Yamai ta Jamhuriyar Nijar. Rahoton da Ascher-Walsh da abokan aikinsa suka buga a 2010 ya kwatanta ta da ragayar da aka yanko daga tantanin cinya, ya nuna robar ta fi cin nama nesa ba kusa ba, alhali ba ta fi tsayar da ɗigo ba. Wannan kuwa shekara takwas ke nan kafin Ingila ta dakatar da tata.